Jinjina ga masu kunun zaƙi na Tukur-Tukur

A Turai da Amurka wasu gidajen kimiyya kan tara manya da dare su ɗanɗani giya, ana bayyana musu yadda sitacin hatsi ke komawa sukari. Matan unguwar Tukur-Tukur masu kunun zaƙi sun daɗe da ƙwarewa a wannan, kuma nasu halal ne.

Sannunku da aiki, iyayenmu! Ku jiƙa gero, ku markaɗa da citta da kanumfari, ku raba ƙullun biyu. Babban kason ya sha tafasasshen ruwa, sai ya huce ku zuba ɗanyen kason mai busasshen dankali, don zafi yana kashe zaƙin. Da bayan hannu kuke auna zafin. Ya kwana, ɗan tsami ya shiga, da asuba ku tace, kafin azahar robobin kunun sun isa titin Gaskiya cikin ƙanƙara.