Kunnen Yaro Tsakanin Lunga da Lasifika

Ranar Naa Damba, a bikin Damba na bara, ana idar da sallar la'asar na ɗora 'yata a wuya muka nufi fadar Gulkpe Naa a nan Tamale. Shekararta huɗu. Kafin mu fita sai da Hajiya ta tare ni a zaure: "Ina za ka kai mini kishiya cikin wannan turmutsitsi? Ga dawaki, ga bindiga." Na ce, "Hajiya, ai ke kika fara kai ni, a bayanki ma na je." Ta yi shiru, ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta ce kada magariba ta same mu a waje.

Mun samu wuri a bakin da'irar da jama'a suka yi. Wani dattijo cikin makaɗa, lungarsa a hammata, ya durƙusa gaban wani mai sarauta, yana matse igiyoyin fatar yana saki, sautin na hawa yana sauka. Mutumin ya miƙe, ya shiga fili, rigarsa ta batakari ta buɗe kamar laima da ya juya, mata na rangaɗa guɗa, ana manna masa kuɗi a goshi. Yarinyar ta kama kunnena da hannu biyu ta sunkuyo: "Baba, gangar nan magana take yi?"

Magana take yi kuwa. Lunga 'yar'uwar kalangu ce, kuma makaɗanta, waɗanda Dagomba ke kira lunsi, su ne ma'ajiyar tarihin Dagbon. Suna danganta asalinsu ga Bizung, ɗan Naa Nyagsi, kuma sana'ar gado ce: za ka ga ɗan yaron da bai fi shekara shida ba yana bin mahaifinsa da 'yar ƙaramar lunga, yana koyon sunayen sarakuna da kirarinsu. Wani abin da ke faranta mini rai, mu 'yan Zango, shi ne kirari da yawa da gangar ke furtawa da Hausa ne. Har Ba'amurke ya zo garin nan ya zauna gaban Alhaji Ibrahim Abdulai ya ɗauki karatu, John Chernoff ke nan, wanda littafinsa a kan kiɗan Afirka ya fito a 1979. Abin da baƙo ya ƙetaro teku don ya ji, ban ga dalilin da zai sa in kulle 'yata a ɗaki in hana ta jinsa ba. Masu cewa taron kiɗa ba wurin yara ba ne gaba ɗaya, ban yarda da su ba. Yaron da bai ji lunga da goge yana ƙarami ba, in ya girma zai ji su kamar kayan wasu.

Damuwata wani abu ne da ya shigo daga baya, kuma muka karɓe shi ba mu tambaya ba.

Tamale ta zama garin manyan wasannin dare. Filin wasan da aka gina domin gasar Kofin Afirka ta 2008, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Aliu Mahama, yana cin mutum wajen dubu 20, kuma 'ya'yan garin nan irin su Fancy Gadam da Maccasio sun nuna cewa mai waƙa da Dagbanci zai iya tara wannan jama'a ba tare da ya jira Akara ta ɗaga shi ba. Ranar da waƙar "Total Cheat" ta Fancy Gadam da Sarkodie ta zama waƙar shekara a Gana a 2018, har da ni cikin masu murna a titi. Ina alfahari da su. Amma tsarin wasan dare, ko a ina ake yinsa, ba a yi shi domin ɗan shekara uku ba. A takarda a ce ƙarfe takwas, babban mawaƙi ba zai hau dandamali ba sai dare ya raba. Ana jera lasifika kamar katanga. Duk da haka sai ka ga uwa da goyo a gaba-gaba, jaririn na barcin wahala, ƙirjinsa na amsa kowane bugu. Ko uba ya ɗauko yara biyu a babur, zai mayar da su gida wajen asuba cikin tsere da hayaƙi.

Ni ma na taɓa yi. Yayan yarinyar nan yana da shekara uku na kai shi wani wasa da aka yi a wani fili a bayan gari, na tsaya kusa da lasifika don ya ga mawaƙin da kyau. Ya yi ta toshe kunne da tafin hannu, ni kuma ina cire masa hannun ina ce masa ya yi rawa. Da safe ya ƙi shan koko, ya ce, "Baba, sauro ya shiga kunnena, ya ƙi fita." Ba sauro ba ne. Kwana biyu yana jin wannan ƙara. Har yau in na tuna hannunsa da nake janyewa sai raina ya ɓaci.

Daga baya na karanta abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar. Ga babba, ƙarar da ta kai ma'aunin desibal 80 za a iya jure ta na awa 40 a mako; ga yaro an sauko da ma'aunin zuwa 75. In ƙara ta kai 100, abin da babba zai ɗauka lafiya bai wuce minti 20 a mako ba, kuma 100 ɗin ita ce iyakar da hukumar ta gindaya wa wuraren casu a 2022. 'Yan ƙananan gasu ne a can cikin kunne ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Yaro kuma bai san ya ce jinsa ya ragu ba, sai dai a makaranta a ce ba ya mai da hankali, ko a gida a ce taurin kai ne.

Abin da ya fi ci mini rai, lasifikar ba ta tsaya a filin wasa ba. Ta shigo suna, ta shigo ɗaurin aure, ta biyo bukukuwan gargajiya. Sau nawa na ga lunsi a bakin rumfa suna kiɗa, mai kayan sauti ya ƙure murya a ɗaya gefen, sai dai ka ga gula na tashi tana sauka ba ka jin abin da gangar ke faɗi. Kiɗan da aka yi shi don a saurari kalmominsa ya koma abin kallo. Gargajiyar ma ba zan wanke ta tas ba: bindigogin da ake harbawa a Damba suna da illa ga kunnen jariri, kuma na ga matasa na harbi dab da mata masu goyo. Da na hango masu bindiga sun matso, sai na ja da baya da 'yata har bayan rumfar masu sayar da sobolo.

Abin da nake roƙon masu shirya wasanni ba mai wuya ba ne. A yi wasan yara da rana, bayan la'asar, a rage sauti, a gayyato lunsi da masu goge da masu rawar takai su hau dandamali ɗaya da taurarin zamani. Iyaye za su biya kuɗin shiga, na tabbata. Mu kuma iyaye mu tsaya nesa da lasifika, mu rubuta lambar waya mu sa a aljihun yaro, in ya toshe kunne mu fita da shi. A garin da ake bikin Bugum bai kamata a tuna wa kowa wannan ba, tunda labarin da ake ba mu na asalin bikin shi ne ɗan sarki ya fita wasa bai dawo ba, gari ya kunna wutar ciyawa aka bazama nemansa cikin dare, aka same shi yana barci a gindin bishiya.

Mun cika alkawarin Hajiya, ana kiran magariba muna shiga zaure. Washegari da safe na tarar da yarinyar a tsakar gida ta maƙale gwangwanin madara a hammata tana bugunsa da cokali, tana matse hannu tana saki yadda ta ga dattijon ya yi. Hajiya na kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Zo nan kishiya, ki yi mini nawa kirarin."