Kyandir Ɗaya da Ɗan Kare: Tarken Alamci a Zanen Arnolfini

Duk wanda ya zauna a ajin nazarin waƙa ya san cewa makaɗin fada kan ambaci giwa alhali sarki yake nufi. Wannan salo shi manazarta ke kira alamci. Masu nazarin zane-zanen Turai su ma suna da irin wannan tarke, kuma da wuya a sami zanen da ya sha shi kamar wanda Jan van Eyck ya yi a birnin Bruges, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, a shekarar 1434. Mun zaɓe shi ne domin tarihin fassararsa ya ƙunshi wata matsala da muke cin karo da ita kullum a takardun ɗalibanmu.

Zanen, wanda ke gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan tun 1842, an yi shi ne da fentin mai a kan allon katako, tsayinsa kimanin santimita 82 ne. Wani attajiri ne ɗan zuriyar Arnolfini, fataken birnin Lucca na Italiya, tsaye a ɗaki cikin baƙar malafa. Ya ɗaga hannun dama, ya tallabi hannun wata mata mai koriyar riga da na hagu. A gabansu ga ɗan kare, ga takalman katako an tuɓe, ga lemo a bakin taga. A sama akwai mariƙin kyandir na tagulla, amma kyandir ɗaya tak ke ci, kuma da rana tsaka. A bangon baya akwai madubi mai tudu wanda ya nuno mutum biyu a bakin ƙofa, a bisansa kuma mai zanen ya rubuta da Latin cewa shi Jan van Eyck ya kasance a wurin, ya sa shekara.

A 1934, wato shekara 500 cif bayan yin zanen, masani Erwin Panofsky ya fito da fassarar da ta mamaye fagen. A ganinsa ɗaurin aure ake yi, domin a wancan zamani amincewar mace da namiji ta isa ta ƙulla aure ko babu limamin coci. Rubutun bango sa hannun shaida ne, zanen kansa kuwa tamkar takardar aure. Daga nan kowane tarkacen ɗaki ya sami ma'ana. Kyandir mai ci da rana ya zama idon Ubangiji mai ganin komai, kare ya zama amanar aure, tuɓe takalma kuma girmama wuri mai tsarki. An kuma ƙara da cewa lemo tuni ne ga tsarkin ɗan Adam kafin a fitar da shi daga Aljanna. Ya kira wannan ɓoyayyen alamci, wato alamar da ta yi shigar burtu cikin kayan yau da kullum. Dole mu yarda fassara ce mai armashi, kuma ita ta koya wa mutane tsayawa su ƙura wa zanen ido.

Sai dai duk ginin ya dogara ne a kan zaton cewa mutanen biyu su ne Giovanni di Arrigo Arnolfini da Jeanne Cenami. A 1997 aka gano wata takarda da ta nuna cewa waɗannan ba su yi aure ba sai 1447, alhali Van Eyck ya rasu tun 1441. Ke nan shaidar ya riga ɗaurin auren mutuwa da shekara 6. Bugu da ƙari, da aka haska allon da na'urar da ke ratsa fenti, sai aka ga babu karen da mariƙin kyandir a zayyanar farko ta ƙarƙashi. Daga baya aka sa su. Wannan bai hana su zama alama ba, amma ya raunana da'awar cewa a kansu aka tsara hoton tun asali. Lemo kuwa kaya ne mai tsada da ake shigowa da shi daga kudu, ɗan kasuwa na iya baza shi don a san yana da hali. Hatta cikin da ake cewa matar tana ɗauke da shi, yayin ɗinki ne na lokacin, ta tattaro yadin rigar ne ta riƙe a gaba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Lorne Campbell ya karkata ga cewa mutumin wani ɗan'uwan wancan ne, Giovanni di Nicolao, wanda matarsa Costanza Trenta ta riga ta rasu kafin ƙarshen 1433. A 2003 sai Margaret Koster ta ce ai zanen na tunawa da mamaciya ne. Hujjojinta kuwa su ne dai kayan da Panofsky ya yi aiki da su. Kyandir mai ci yana ɓangaren mijin, a ɓangaren matar guntu ne wanda ya ƙone ya mutu. Kare kuma an saba sassaƙa shi a ƙafafun mata a kan kaburburan zamanin. Jiya amanar amarya, yau rakiyar gawa, kuma karen bai motsa daga inda yake ba.

Mu a namu ra'ayin, ba a nan za a ce babu alamci a zanen ba. Kewaye da madubin akwai ƙananan hotuna 10 na wahalar Almasihu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da ita, waɗannan kuwa a fili suke, duk ɗan Bruges na lokacin zai gane su. Giwa ma ta zama sarki ne saboda waƙoƙi barkatai sun yi amfani da ita haka, fadawa kuma suna ji su gane nan take. Ɗalibin da ya ce mana kurciya a baiti kaza tana nufin talaka, tambayar da muke yi masa ita ce, a wace waƙa kuma aka yi haka, wane mai sauraro ne ya fahimci haka? Wannan tambaya ita ya kamata a yi wa kyandir da lemo. Kare ya amsa ta har sau biyu, da aure da mutuwa, saboda haka shi kaɗai ba zai raba gardamar Panofsky da Koster ba. Rubutun bango kuwa, wanda aka mayar da shi sa hannun shaidar aure, bai ambaci aure ba, bai ambaci mutuwa ba. Abin da ya ce kawai shi ne Van Eyck ya kasance a wurin a 1434.