Bob Marley Ya Fi Waƙoƙi Goma Sha Huɗu

Duk mako mujallar Billboard ta Amurka takan fitar da jerin kundayen waƙa 200 da suka fi kasuwa. Sababbin mawaƙa su hau, a yi yayinsu na 'yan makonni, su gangaro. Amma akwai kundayen da suka yi kaka-gida a jerin, kuma da yawansu na zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, wato inda ake tsinto fitattun waƙoƙin mawaƙi a haɗa wuri guda. Legend na Bob Marley, wanda ya fito a watan Mayun 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, ya haura makonni 800 a jerin. A Birtaniya, Gold na ƙungiyar ABBA, na 1992, shi ne ya fara cika makonni 1,000 a jerin ƙasar a 2021. Greatest Hits na Queen, na 1981, ya kai kwafi miliyan 7 a 2022, abin da wani kundi bai taɓa yi ba a can.

Wannan nasara ba a banza ta zo ba. Waƙoƙin suna da daɗi, kuma abin da ya yi shekara arba'in ana saurare ba a gundura ba ya cancanci yabo. Uba ya kunna a mota, ɗa ya tashi da shi a kunne. Fim ma yana ƙara wa wutar itace: Mamma Mia! na 2008 ya dawo da ABBA bakin matasa, Bohemian Rhapsody na 2018 ya yi wa Queen haka.

Sai dai akwai lissafi a ciki. Kafin ƙarshen 2009, Billboard tana ware tsofaffin kundayen da suka sauka zuwa wani jeri na daban, daga baya ta buɗe musu ƙofa. A ƙarshen 2014 kuma ta fara ƙirga sauraro ta intanet, inda a lokacin sauraro 1,500 ke tsaya wa sayen kundi ɗaya. Birtaniya ta bi sahu a 2015. Yanzu yaron da ya kunna "Three Little Birds" a wayarsa yana wanke-wanke yana ƙara wa wani kundi maki, ko sunan kundin bai sani ba. Kundin da kowace waƙarsa fitacciya ce kuwa, shi wannan tsari ya fi yi wa rana.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan kundi ke rage tsawon mawaƙi, har ya zamana duniya ba ta san shi ba sai ta idon wanda ya yi zaɓen. Legend ya ishe mu misali. Kamfanin Island Records ne ya fitar da shi, kuma Dave Robinson, shugaban kamfanin na Birtaniya a lokacin, shi ya tsara shi da niyyar sayar wa Turawan da ba su saba sayen waƙar rege ba. Ya zaɓi waƙoƙi 14, ya ba na soyayya da kwantar da hankali wuri mai yawa: "Is This Love", "Waiting in Vain", "Satisfy My Soul", "Stir It Up". A yi masa adalci, ya sa "Get Up, Stand Up" da "Redemption Song". Amma bai ɗauki ko waƙa ɗaya daga Survival ba.

Survival kuwa, na 1979, shi ne kundin da Marley ya fuskanci Afirka gaba-gaɗi. A bangonsa tutocin ƙasashen Afirka ne jere reras, sunan kundin kuma an rubuta shi a kan zanen cikin jirgin ruwan bayi, inda aka jera mutane a kwance kafaɗa da kafaɗa. A ciki akwai "Africa Unite" da "Zimbabwe". Saboda wannan waƙa ta biyu aka gayyace shi bikin 'yancin Zimbabuwe a watan Afrilun 1980, ya je filin wasa na Rufaro da kayan kiɗansa, kuɗin tafiyar daga aljihunsa. Haka ma "War" ta 1976, wadda ya ɗora a kan jawabin Sarki Haile Selassie na 1963 a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta samu shiga ba.

Wannan mutum ne da 'yan bindiga suka harba a gidansa na Kingston a watan Disambar 1976, ya hau dandali bayan kwana biyu da rauni a jikinsa. Shi ne ya haɗa hannun Michael Manley da Edward Seaga, 'yan siyasar Jamaika da magoya bayansu ke kashe juna, a gaban jama'a a 1978. Wanda bai san shi ba sai ta Legend zai ɗauka mai waƙar bakin teku ne kawai, mai rarrashi da murmushi. Kundin zaɓaɓɓu zaure ne. Matsalar ita ce miliyoyin mutane sun shimfiɗa tabarma a zauren sun zauna, ba su taɓa leƙa cikin gidan ba.

Mu ma ba mu tsira ba. Ka ba mai tura waƙa a kasuwa waya ka ce ya zuba maka Shata, 'yan waƙoƙin da kowa ya sani zai zuba maka, alhali abin da marigayin ya rera kafin rasuwarsa a 1999 ya fi gaban ƙirge. Sauran suna nan a tsofaffin kaset da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, masu saninsu suna ta raguwa.

Ban ce a yi watsi da kundin zaɓaɓɓu ba. Ba don Legend ba, da yawan waɗanda ke son Marley yau ba za su taɓa jin muryarsa ba. Roƙona ga masu sauraro shi ne kada su tsaya inda ɗan kasuwa ya tsayar da su. Wanda ya ji daɗin Legend ya nemi kundayen Survival da Rastaman Vibration ya saurare su daga farko har ƙarshe, yadda mai su ya jera su. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo kuma, idan 11 ga Mayu ta zagayo ana tunawa da rasuwarsa, su sa wa mutane waƙoƙin da aka bari a baya, su faɗi shekarar da aka yi su da abin da ya jawo su.