Jinjina ga Malaman Makarantun 'Yan Mata na Ƙasar Haɗejiya

Zango na biyu shi ne mai wuya a makarantun sakandaren 'yan mata na ƙasar Haɗejiya. Yakan fara da sanyin hunturu a Janairu, ya ƙare da zafin bazara, lokacin da rufin kwanon aji ke ɗaukar zafi kamar tanda. A wannan zangon ne malama ke zaune a ofishin malamai da tarin takardun jarrabawa, jan biro a hannu, tana haɗa makin gwaji da na ƙarshen zango, tana kuma shirya 'yan aji shida don WAEC da NECO. Wannan aikin ne ke riƙe yarinya a makaranta. Uba a Auyo ko Kirikasamma, wanda ambaliyar 2022 ta cinye masa gonar shinkafa, da takardar sakamako yake yanke shawara: 'yarsa ta koma bayan hutu, ko a sa ranar aure. Jimla ɗaya ta yabo daga malamar aji takan sauya lissafinsa.

Wani zai ce ai aikinsu ne, albashi ake ba su. Haka ne. Amma albashi bai sayi darasin yamma da ake ƙarawa don cike gurbin makonnin da ruwa ya datse hanya ba, bai kuma sayi kwanan zaune da uwar ɗakin kwana ke yi kan yarinyar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar ana gobe jarrabawa ba.