Jinjina ga Matuƙan Kwalekwalen Warra

Wani idan zai buɗe ido sai ya hau Dutsen Dala ko Kufena. Mu a Warra tafkin Kainji ne wurin shaƙatawarmu, rani da damina, kuma ba a jin daɗinsa sai da matuƙin kwalekwale.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye gonaki da tsibirai, ya bar kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. Waɗannan bayin Allah, Gungawa da Sarkawa, sun san inda kututturan suke kamar yunwar cikinsu. Da hunturu, hazo ya rufe gaɓa, matuƙi zai dubi launin ruwa da kaɗawar iska ya kauce, fasinja bai ma san an tsallake haɗari ba.

Na taɓa ganin wani dattijo da asuba a durƙushe, yana cusa tsumma a tsagar jirginsa, ɗansa na kwashe ruwa da ƙwarya. Baƙin da zai ɗauka suna can suna barci. Ranar gasar kwalekwale ta Rigata a Yauri ake yi wa matuƙan tafi. Sauran kwanakin shekara kuwa, su ke kai mata kasuwa, su dawo da su gida kafin magariba.