Daƙiƙa 14 Ta Isa a Gane Waƙa?

A 2018 Samuel Mehr da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka fitar da wani bincike da ya yi tashe. Sun tattara waƙoƙi 118 daga ƙananan al'ummomi 86 na sassan duniya, suka yanko daƙiƙa 14 daga kowace, suka kunna wa mutum 750 ta intanet a ƙasashe 60. Waƙoƙin iri huɗu ne: na rawa, na rarrashin jariri, na neman waraka, da na soyayya. Masu sauraron ba sa jin yaren mawaƙan, amma sun fi dacewa wajen gane ta rawa da ta rarrashi, ta waraka ma sun taɓa. Ta soyayya kam, sai lalube.

Aikin ya cancanci yabo. An daɗe ana cewa kiɗa yare ne da kowa ke ji, su kuma suka ce a daina faɗa da baki, a gwada. Waƙar rarrashi takan zo a hankali, murya ɗaya, kuma kunne na kama wannan ko daga ina ta fito.

Inda nake da ja shi ne rabe-raben nan huɗu. Ɗauki waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo, ka gaya mini inda za ka sa ta. Ba ta rawa ba ce, ba ta jariri ba. Waƙar fada ce: ana ɗaga sarki, ana jero kakanninsa, ana yi wa ɗan sarkin da ke harin gadon zambo, kowa a zauren ya san da wa ake. Marokan Mande na Mali ma suna da irin wannan aiki. Babban reshe ne na kiɗan Afirka ta Yamma, amma gwajin bai ba shi gurbi ba, don haka ba zai taɓa faɗa mana komai a kansa ba.

Sannan ga abin da almakashi ke zubarwa. Ka yanko daƙiƙa 14 na busar kakaki, baƙo zai ji ƙara mai tsawo, shi ke nan. Ba zai ji cewa ba a busa wa kowa ita sai sarki ba. Haka kalangu: sautin ba ya gaya maka alaƙarsa da mahauta. Wa ke kaɗawa, wa ake kaɗa wa, wa ke ba da kyauta, wa aka hana, duk ba sa shiga rikoda.

John Blacking ya zauna da mutanen Venda na Afirka ta Kudu daga 1956 zuwa 1958 kafin ya yi magana a kan kiɗansu. Cikin abin da ya gano, yara kan riƙe waƙa mai wuya kafin mai sauƙi, idan ita aka fi rerawa a gabansu. Wannan kam sai wanda ya zauna ya ga yaran suna koyo.