Haƙarsu Ta Cimma Ruwa, Amma Ina Dukiyar?

A 'yan watannin nan, duk daren da babu ƙwallo, akwai wani shirin talabijin da ya kama majalisun Sabo. Masu DStv na kallonsa a tashar History, wasu kuma an tura musu a waya a shagon masu caji. Sunansa The Curse of Oak Island, wato la'anar da ke kan Tsibirin Oak. Za ka tarar da mutum goma a teburin mai shayi sun yi tsit, mai jin Turanci ɗaya yana fassara musu, shayi na hucewa. Mu ma ba za mu yi ƙarya ba, mun kalla, ba kashi ɗaya ba, ba ashirin ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗa wa jama'ar unguwa abin da muka gani, da kuma abin da aka ƙi nuna mana.

Ga wanda bai sani ba, Oak wani ɗan tsibiri ne a gaɓar lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, girmansa bai wuce eka 140 ba. Labarin da ake bayarwa shi ne, a shekarar 1795 wani matashi mai suna Daniel McGinnis ya ga ƙasa ta lotsa a gindin wata bishiya, sai ya kira abokansa biyu suka hau haƙa. Wai duk ƙafa 10 sai su ci karo da jeren gungumen itace, kamar wani ne ya shimfiɗa. Da suka kai ƙafa 30 ƙarfinsu ya ƙare. Bayan 'yan shekaru wani kamfani ya zo ya kai ramin ƙafa 90, aka ce sun ciro wani dutse mai rubutun da ba a gane ba, washegari suka tarar ruwa ya cika ramin. Tun daga ranar, shekara fiye da 200 ke nan, kamfani na karyewa wani na zuwa. Har Franklin Roosevelt, kafin ya zama shugaban Amurka, ya sa hannu a wani yunƙuri a 1909. Mu a Hausa in an ce haƙar mutum ta cimma ruwa, ya yi nasara ke nan. A wannan tsibiri kuwa ruwan ne babban abokin gaba.

Shirin ya fara ne a watan Janairun 2014, yana bin wasu 'yan'uwa biyu daga jihar Michigan ta Amurka. Babban, Rick Lagina, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Yana ɗan shekara 11 ya karanta labarin tsibirin a mujallar Reader's Digest ta 1965, abin ya shiga ransa bai fita ba. Ƙanensa Marty injiniya ne da ya yi kuɗi a harkar iskar gas. A 2006 suka sayi rabin kamfanin da ke riƙe da mafi yawan tsibirin. Yaya ke da mafarkin, ƙane ke da aljihun.

Bari mu fara da yabo, don shirin yana da abin yabo. Zumuncin 'yan'uwan nan biyu ba na wasan kwaikwayo ba ne. Marty mutum ne mai shakka, sau da dama za ka ga a fuskarsa bai yarda ba, amma ya ci gaba da zuba kuɗi saboda yayansa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin wani buri na ɗan'uwansa ya san wannan kallon. Haka yadda suka girmama dattijo Dan Blankenship, wanda ya kwashe shekara kusan 50 yana haƙa a wurin har ya rasu a 2019 yana da shekara 95, abin koyi ne. Sannan ga aikin kansa. Masu haƙar rijiya da masu aikin burtsatse na cikinmu sun fi kowa jin daɗinsa: yadda ake kafa ƙaton bututun ƙarfe a ƙasa a kwashe abin da ke ciki, yadda ake datse teku da bangon ƙarfe a busar da gaɓa, yadda ake kai guntun itace ɗakin bincike a gano shekarunsa. Yaro zai iya kallon wannan ya yi sha'awar karatun injiniya, wannan kam riba ce.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. An wuce shekara 10, an yi kashi fiye da 200, me aka samu? Kwabon tagulla na ƙasar Sifen mai ɗauke da shekarar 1652. Wani ɗan gicciye na dalma. Wani abin maƙalawa a riga mai jan dutse. Maɓallai, ƙusoshi, takalman shanun noma, zaren ɓawon kwakwa, gutsattsarin ƙashi da na tangaran. Akwai ma wani takobi da aka yi ta hayaniya a kansa wai na Rumawa ne, da aka gwada shi sai ga shi ƙirar zamani. Wallahi in ka tara su duka ba za su cika kwandon goro ɗaya ba. An daɗe ana gafara sa, har yau ko ƙaho ba mu gani ba.

Yaya aka yi to mutane ba su gaji ba? Sirrin yana bakin mai ba da labarin, wannan muryar da ba a ganin mai ita. Ku saurare shi da kyau. Bai cika cewa abu kaza ya faru ba, tambaya yake yi. Gary Drayton, Baturen Ingila mai na'urar gano ƙarfe, zai tono ƙusa mai tsatsa. Sai muryar ta ɗauka: ƙusa? A fadama? Shin ko ta jirgin ruwa ce? In ta jirgi ce, ko jirgin 'yan fashin teku ne? Ko kuwa na mayaƙan Kiristan nan da ake kira Templar, da aka ce sun kwaso dukiya daga Ƙudus? Kafin ka ankara, daga ƙusa ɗaya an kai ka ga Akwatin Alkawari na Banu Isra'ila, da rubuce-rubucen Shakespeare, da gwala-gwalan sarauniyar Faransa. Sai a tafi talla. A dawo a maimaita maka abin da ka riga ka gani. Ba za ka iya kama shi da ƙarya ba, don ai tambaya ya yi. Amma tambaya ɗari a jere, ba amsa, tana zama kamar hujja a kunnen mai saurare. Mun san irin wannan magana a kasuwa, ita ce ta dillalin da ba ya rantsuwa amma sai ka sayi gurguwar akuya.

Abin da shirin ba ya son tsayawa a kai shi ne ginshiƙin labarin da kansa. Ba a fara rubuta zancen McGinnis a jarida ba sai bayan shekara kusan 60 da aukuwarsa, lokacin da masu haƙa ke neman masu zuba jari. Dutsen nan mai rubutu, da wai yake cewa fam miliyan biyu na binne ƙafa 40 a ƙasa, ya ɓace tun tuni, babu ko hotonsa. Ramin asalin ma ba a san takamaiman inda yake ba yanzu, saboda an rarake wurin, musamman a 1965 da wani mai suna Robert Dunfield ya shigo da ƙatuwar motar haƙa ya yi kaca-kaca da shi. Ke nan in an ciro katako daga ƙafa 100 a yau, akwai yiwuwar na mahaƙan baya ne. Suna tono wahalar waɗanda suka riga su, suna kiranta alama.

Batun ruwa fa? Shirin ya nace cewa waɗanda suka binne dukiyar ne suka gina hanyoyin ruwa daga teku don su zama tarko. Amma a 1995 masana daga cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka sun duba wurin, suka ce shigar ruwan abu ne na halitta, yana bin cikar teku da janyewarsa. Ƙarƙashin wannan ɓangare na tsibirin akwai irin dutsen da ruwa ke cinyewa a hankali ya bar kogo, ƙasar sama ta lotsa. Wato abin da yaron nan ya gani a 1795 zai iya zama lotsawar ƙasa ce kawai. Ka haƙa rami mai zurfi a tsakiyar teku, ruwa ya shigo, sai ka ce tarko ne? Haba jama'a.

Abin da ya fi sosa mana rai shi ne ita la'anar. A farkon kowane kashi sai an tuna maka cewa mutum shida sun mutu wajen neman dukiyar, kuma wai sai na bakwai ya mutu kafin ta bayyana. Mutanen nan fa da gaske suka mutu. Ɗaya a 1861 da tukunyar injin famfo ta fashe, ɗaya a 1897 da ya faɗa rami. Sai ranar 17 ga Agustan 1965: Robert Restall, wanda ya bar sana'arsa ta wasa da babur ya kwaso iyalinsa zuwa tsibirin, iska mai guba ta buge shi ya faɗa rami. Ɗansa ya bi shi don ya cece shi, wasu biyu suka bi, dukansu huɗu ba wanda ya fito da rai. Mace ta rasa miji da ɗa a rana guda. Wannan ne aka mayar kirarin buɗe shiri, ana kiɗa a ƙarƙashi, ana sa mai kallo jiran gawa ta bakwai. Rai na hannun Allah, kuma camfi camfi ne ko da da Turanci aka yi shi.

Akwai mutum ɗaya a tarihin tsibirin da ya kamata mu 'yan Sabo mu riƙe sunansa: Samuel Ball. Baƙar fata ne, an haife shi bawa a South Carolina. Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka ya tsere ya bi sojojin Ingila da suka yi alkawarin 'yanta bayi, bayan yaƙi ya sauka a Nova Scotia. A 1787, shekara takwas kafin zancen rami ya taso, ya sayi fili a tsibirin a kan fam takwas. Ya yi ta noman kabeji, yana ƙara fili a kan fili, har ya rasu cikin manyan masu ƙasa na wurin. Tsohon bawa, baƙo, ya zauna cikin waɗanda ba launinsa ba, ya tara abin kansa da gumi cikin shekara kusan 60. Me shirin ya yi da shi? Ya yi ta tone-tone a kangon gidansa yana tambaya: shin ko ya tsinci dukiyar ne ya yi shiru? Gaskiya ne wani littafin tarihin yankin na 1870 ya sa sunansa cikin waɗanda suka fara haƙa. Amma a ƙarƙashin tambayar akwai wata da ba a furta ba: ta yaya irin wannan mutum zai yi arziki da kabeji?

Mu mun san wannan tambayar. Tun da aka kafa Sabo a 1916, kakanninmu da goro da shanu suka gina gidajen da muke ciki, kwando bayan kwando, rani da damina. Duk da haka in baƙo ya yi gini, sai ka ji ana raɗa: a ina ya samu? Mu kanmu muna yi wa junanmu, mu ce wane ya tsinci tulun aljanu, wane ya yi tsafi. Mai cewa haka ya raina haƙurin mutum ne. A ganinmu labarin Samuel Ball ya fi duk abin da aka ciro daga ramukan nan daraja, shirin ya taka shi ya wuce. Haka ya yi da 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Mi'kmaq: da aka tono fasassun tukwanensu a 2021, hukuma ta dakatar da haƙa a wurin, shirin ya fi nuna abin a matsayin cikas ga aiki.

To wa ya ci riba? Dukiyar tsibirin Oak an daɗe da gano ta, ita ce mu masu kallo. Tashar na sayar da talla, 'yan yawon buɗe ido na tururuwa, ana sayar da littattafai da riguna. Ranar da aka sami akwatin, ko aka yarda babu shi, ranar shiri ya mutu. Tatsuniyar iyayenmu tana da ƙurunƙus, wannan kuwa an gina ta ne don kada ta ƙare. Daɗin Kowa ma ya daɗe, amma bai taɓa ce mana shi tarihi ba ne.

Wannan ne ya sa muka damu da matasanmu. Marty Lagina in ya zuba miliyoyi a rami ya tashi a tutar babu, zai koma gidansa ya yi barci, ga kuɗin talabijin na shigowa. Yaron da ya bar teburin tsirensa ko ya sayar da babur ɗinsa ya tafi ramukan zinare na wajen Ilesha, shi ba kyamara a bayansa, in ƙasa ta rufta sai dai a aiko da saƙo. Ba mu manta yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba. Ba mu manta Disambar 2016 da MMM ta rufe da kuɗin mutane ba. Kuma har gobe akwai masu zuwa su ce akwai tukunyar zinare a wani kango, a kawo kuɗin turare da baƙin rago. Duk harshensu ɗaya da na muryar nan: saura kaɗan, an ga alama, kada ka bari yanzu.

Ba mu ce a daina kallo ba. A kalla don injina, don tarihin Kanada da ake tsinta jefi-jefi, don hira. Amma mai fassara a majalisa, don Allah, in muryar ta ce shin ko, ka fassara ta da shin ko, kada ka mayar da ita an ce. In kuma yaro ya tambaye ka wa ya taɓa yin arziki a tsibirin nan, ka ba shi labarin mai kabeji.